Tsumman Daddawar Inna

Laraba, 1 ga Yuli, 2009, bayan la'asar

Ragowar littafin shirya darasi ne wannan, na zangon da ya wuce. Tunda ba mai saurarona a gidan nan, bari in gaya wa takarda.

Jibi zan tafi Damagaram ta Nijar wurin Yaya Lawal. Ba marmarin tafiya nake yi ba. Ranar Litinin muka dawo da Inna daga asibiti a Kano. Likita ya ja ni gefe ya faɗi abin da ya faɗa, ya ƙare da cewa duk wanda ya kamata ya gan ta a sanar da shi. Sauran ba zan rubuta ba. Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, ni da Yaya, shi kuma rabonsa da Babura shekara tara ke nan, tun rasuwar Baba.

Na je gida ɗazu na ce, "Inna, zan je Damagaram ranar Juma'a in dawo Lahadi. Akwai saƙo?"

Ta ce, "Wurin wa?"

Sai ka ce mutum goma gare mu a can! Na ce wurin Yaya Lawal mana. Ta juya tana gyara filo, ta ce, "Mutanen can suna da aiki, kada ki takura musu."

Mutanen can. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunan Yaya ya fito daga bakin Inna ba. Ɗan fari ne, wai kunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta aiki wani ya tambaye shi ko ya ci abinci. Ko Lawal mai faci na bakin layinmu, "mai sunan wancan" take ce masa. To an ji, haka suka taso a rugarsu. Ni ma ba na kiran sunan Malam mijina, amma ai ina yi masa magana, har da faɗa. Mutum ya haura hamsin da furfura a gemu, ga kuma abin da likita ya ce. Haba Inna!

Alhamis, 2 ga Yuli, kafin magariba

Na biya yin sallama na tarar da ita ita kaɗai. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba da ke kwana da ita, ta tafi barkar haihuwa Kanya Babba. Matar da ba ta iya kai buta bakin ƙofa, yau ita ce ta sauko daga gado ta buɗe tsohuwar adakarta. Ta ƙunshe daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a cikin wani tsumman saƙi, baƙi da fari, duk ya koɗe, gefe guda an yanke shi a karkace zare yana zuba. Da ƙyar take ɗaurewa. Na ce ta kawo in ɗaure, ta buge mini hannu.

Ta ce, "Ki kai shi haka. Ki ba mai gidan a hannunsa."

Na ce to.

Amma fisabilillahi, ni malamar makaranta, in shiga gidan matar Yaya, 'yar birni, da wannan abu kamar na tsinto a bola? Ina isowa gida na juye komai a sabon bokitin roba mai murfi. Ya fi tsafta, kuma warin daddawa ba zai kori mutanen mota ba. Tsumman na jefa shi kan itace a kicin.

Malam ya ce in tuna in faɗa wa Yaya gaskiya. Na ce to me zai kai ni, kallon gari?

Juma'a, 3 ga Yuli, bayan magariba, Damagaram

Na iso. Hedimasta ya sallame ni ƙarfe sha ɗaya, na samu motar Haladu, wanda ke jigila daga Babura zuwa nan. Mu huɗu a baya da buhun barkono a kan ƙafata. Daga Babban Mutum zuwa Magarya sau biyar aka sauke mu. Wani jandarma, cikin jami'an tsaron Nijar, ya buɗe bokitina ya shaƙa, ya rufe da sauri ya ce in wuce. Daddawar Inna ta fi katin shaida aiki.

Yaya ya tarye ni a tasha. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo. Turanci yake koyarwa a wata makaranta, yaran unguwa suna ce masa Muse Lawal, wato malam da Faransanci. Ya rungumi bokitin yana dariya, ya ce, "Ma'u, har yanzu kina nan da wannan fuskar ta faɗa?"

A hanya ya ce, "Ya tsohuwa?"

Na ce, "Da sauƙi."

Da kanta kalmar ta fito daga bakina, wallahi. Haka muke cewa ko mutum yana kan gargara. Na ce a raina gobe da safe zan gyara.

Asabar, 4 ga Yuli, tsakar rana

Garin nan kowa barci yake yi da rana. Shaguna a rufe, gida tsit, ni kaɗai ido biyu kamar mai gadi.

Ban gyara ba. Ina zan samu wuri? Tun da safe aka ajiye mini burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yankan dasashi. Ina cikin fama da shi Yaya ya tayar da mashin, wai sai na ga gari. Ya kai ni tsohon Birni in ga zanen bango. Ya kai ni in ga duwatsu. Duwatsu! Ni da nake zuwa Kazaure da Roni, duwatsu za a nuna mini? Ya shiga da ni Kasuwar Dole layi-layi, kowane mai shago sai ya tsaya ya ce, "Ga ƙanwata daga Najeriya." Su kuma sai su tambaye ni ya gajiya, ya mutanen gida, in ce lafiya lau. Yau na ce lafiya lau ya fi sau talatin.

Duk lokacin da na buɗe baki na ce, "Yaya, dama..." sai ya nuna wani gini ya ce Faransawa ne suka gina. Ina ruwana da wanda ya gina?

Da azahar ina zaune a falo ya idar da salla ya ɗauko Alƙur'aninsa. Ka ga gida tsaf, labule mai kyau, amma Alƙur'ani a naɗe cikin wani tsohon tsumma da ko ƙafa ba zan goge da shi ba. Na ce, "Yaya, abin kunya. Zan aiko maka da gafaka ta fata daga gida."

Ya ce, "Bar shi, na Kaka ne."

A Gwiwa ya tashi wurin Kaka, uwar Baba, tun daga yaye har ya shiga sakandare. Komai nasa Kaka ne. Gidanmu dai Allah Ya haɗa mu da son tsummokara.

Asabar, bayan la'asar

Abokansa sun zo, an kafa shayi. Zagaye uku ake yi, kowane zagaye sai an yi hirar duniya. Ina leƙowa ana kan na biyu.

Yaya Shatu, matarsa, ta same ni a tsakar gida tana kaɗa miyar kukar da na kawo. Ta dube ni ta ce, "Malama, akwai magana a bakinki tun jiya. In ta yi miki nauyi ki ba ni in kai."

Na ce babu komai, gajiyar mota ce. Ni ma dai!

Lahadi, 5 ga Yuli, hantsi, a tasha

Mota ba ta cika ba, Haladu ya tafi neman mutum biyu.

Da safe na tare Yaya a zaure kafin ya samu wani ginin da zai nuna mini. Na ce, "Yaya, kuna hutu har wata uku. Ka zo gida."

Ya ce, "Ita ta ce in zo?"

Na ce, "Ka san ba za ta faɗa ba."

Ya ce, "To." Ya riƙa murza makullin mashin. Can ya ce, "Ranar da aka yi ukun Baba, ina zaune a ƙofar ɗakinta. Na yi niyyar in yi arba'in a gidan nan. Ta aiko Gwaggo ta ce a gaya wa baƙon ya koma bakin aikinsa. Baƙo, Ma'u. Tsakanina da ita bai kai taku uku ba."

Na ce ai kara ce ta yi masa, don kada ya rasa aikinsa. Ya ce ya sani, kowa ya gaya masa, amma shi ya gaji da a riƙa fassara masa uwarsa.

Daga nan ya ce, "Jikin nata dai da sauƙi ko?"

Ga wuri ya samu, ga shi ga ni, ba abokai ba shayi. Na ce, "Tsufa ne kawai."

Ban san me ya kama bakina ba. Gani na yi in na faɗa a fili ya tabbata. Kwana biyu, buhun barkono a ƙafa, jandarmomi, burodi mai yankan baki, duk na zo ne in ce tsufa ne kawai. Ya cika mini jaka da tsaraba: dabino, cuku, turmin atamfa wai a ba tsohuwa. Haushinsa nake ji, haushin Inna nake ji, nawa ya fi.

Litinin, 6 ga Yuli, bayan an tashi makaranta

Na kai wa Inna tsarabar. Ko kallon atamfar ba ta yi ba.

"Kin ba mai gidan a hannunsa?"

Na ce a hannunsa na ba shi.

"Ya kwance ƙunshin?"

Na ce an buɗe, har an yi miya, sun ce a gode.

"Bai ce komai ba?"

Na ce ya ce daddawar Babura ta fi tasu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To madalla," ta juya ta fuskanci bango. Me take so ya ce a kan daddawa, ya yi mata waƙa?

Laraba, 8 ga Yuli, da safe

Mutum shida suka tambaye ni jikinta kafin in kai makaranta. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi.

Juma'a, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Kunu cokali huɗu, shi ma sai Gwaggo ta yi kamar za ta yi kuka. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ce a duba ko mai madara ne. Mai madara da la'asar! Yau ma ta sake tambayata ko da hannunsa ya kwance ƙunshin. Na ce Inna, sau nawa zan faɗa?

Na fita bayan gida inda layi ke kamawa na kira Yaya. Sau bakwai kafin ya shiga. Wannan karon na faɗa. Ba duka ba, amma na faɗi abin da ya isa, na ce ƙarya na yi masa a Damagaram.

Sai ya ce, "Na gani a fuskarki tun a tasha."

Na ce, "Ka gani shi ne ka yi ta yawo da ni kallon duwatsu?"

Ya ce, "Ma'u, in na zo a wannan halin ta juya mini baya ta ce a sallami baƙo, da shi zan zauna har in mutu. Ko da ido ne ta nuna tana so in zo, wallahi ko a ƙafa zan taho. Ta nuna?"

Na so in ce e. Na riga na yi masa ƙarya biyu, ta ukun ta ƙi fita. Na ce ya ji tsoron Allah, uwa ce. Ya ce yana ji. Katina ya ƙare.

Mutum biyu, kai ɗaya, taurin iri ɗaya, ni ce a tsakiya kamar igiyar shanya.

Lahadi, 12 ga Yuli, da rana

Na shiga uku.

Ina wanke-wanke a gidan Inna ina mita, na ce wa Gwaggo ni na gaji da zancen ƙunshin daddawa, ƙunshin da ma tsumma ne na bari a kicin. Gwaggo ta ajiye tsintsiya. Ta ce wane tsumma? Na kwatanta mata: saƙi, baƙi da fari, gefe guda a yanke. Ta zauna daɓas a kan turmi ta ce, "Ma'u, kin kashe mu."

Ta ce majanyin da aka goyi Yaya ne. Ranar da aka kai shi yaye Gwiwa, Gwaggo tana budurwa, tana tsaye a wurin. An kwance shi daga bayan Inna aka miƙa wa Kaka. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta dube shi ba, don dangin miji sun cika tsakar gida, wadda ta kalli ɗan farinta a gabansu ta zama abin zance har jikoki. Amma ta riƙe bakin majanyin. Kaka ta ja, ta ƙi saki. Kanta a sunkuye, ta dai ƙi saki. Kaka ta dube ta, ta sa aka miƙo wuƙa ta raba shi biyu, ta ce, "Riƙe wannan, shi ya riƙe wannan." Gwaggo ta ce Kaka ta ba Yaya labarin da bakinta kafin ta rasu, ta damƙa masa rabinsa. Shi dai bai san Inna ta ajiye nata ba. Ita ma Gwaggon ta ɗauka ya ɓace tun tuni.

Shekara arba'in da tara yana cikin adaka. Ta sauko daga gado da wannan jikin ta ɗauko. Ta ce ki kai shi haka. Ta ce a hannunsa. Ni kuma mai ilimi na sayo bokiti mai murfi.

Har gafaka na ce zan aika masa. Allah na tuba.

Amma ita ma Inna, don girman Allah, ba sai ta ce mini kada in taɓa tsumman ba? Kalma nawa ce? Ta san halina, ita ta haife ni.

Lahadi, kafin magariba

Tsumman ba ya kan itace. Ba ya bayan murhu, ba ya bola, har tokar jiya na tona da hannu. Na kira Malam, yana Roni taron malaman gona tun Juma'a. Ya ce, "Wani baƙi da fari? Ai yana ƙarƙashin sirdin mashin ɗina, yana goge mai da kyau."

Ban san lokacin da na yi masa ihu ba. Ya ce shi ina ya sani, a kan itace ya gani. Sai Laraba za su gama.

Litinin, 13 ga Yuli, da rana

Na ba 'yan aji huɗu jarrabawar 'yan aji shida. Hedimasta ya ce in tafi gida in kula da mahaifiyata. Ya tambayi jikinta, na ce da sauƙi.

Laraba, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Malam ya dawo ya miƙo mini tsumman da hannu biyu. Baƙin mai ya kama tsakiyarsa. Na wanke sau uku da sabulun salo, a hankali don zaren na bin hannu. Tabon ya ƙi fita. Warin daddawa ma bai fita ba, yanzu ya haɗu da na fetur.

Na yi tunanin in kira Yaya in gaya masa kawai. Gwaggo ta ce a'a, zai ce dabara muka haɗa, kuma ba saƙona ba ne da zan karanta masa a waya. Gaskiyarta. Ni ba zan iya barin Inna yanzu ba, ko na kwana ɗaya.

Alhamis, 16 ga Yuli, hantsi

Na kai wa Haladu tsumman a tasha. Na sa shi ya rantse zai ba Muse Lawal a hannunsa, ba matarsa ba, ba maƙwabci ba, kuma kada ya canza masa ko leda. Ya ce, "Malama, zinare ne a ciki?" Na ce ya yi abin da aka sa shi.

Takarda uku na yaga kafin in rubuta wannan: "Yaya, a cikin wannan Inna ta ƙunso maka daddawar. Da hannunta ta ɗaure, ta ce a ba ka haka. Ni na canza. Ma'u."

Daga tasha na wuce wurinta. Na durƙusa a bakin gado na faɗa mata abin da na yi. Na so ta zage ni, wallahi da na ji daɗi. Ta ce, "Kin yi daidai. Ai tsumma ne." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Juma'a, 17 ga Yuli, da yamma

Shiru.

Asabar, 18 ga Yuli, da rana

Shiru. Wayar Yaya ba ta shiga. Na je tasha, aka ce motar Haladu ta lalace a Magarya tun ranar Alhamis, yana jiran a kawo masa wani ƙarfe daga Kano. Yana can zaune a inuwa yana cin gyaɗa da saƙon Inna a aljihun mota. Ni na sa shi rantsuwar kada ya ba kowa, to ga shi ya cika alkawari.

Yau ko ruwa sai da auduga Gwaggo take ɗiga mata. Ta daina tambayar mai madara.

Lahadi, 19 ga Yuli, bayan azahar

An ce motar ta tashi. Ta nufi gaba ko ta juyo, ba wanda ya sani.

Litinin, 20 ga Yuli, kafin magariba

Yaya ya zo. Wajen ƙarfe sha ɗaya, a kan mashin ɗinsa tun daga Damagaram, ruwa ya yi masa duka a hanya, laka har gwiwa. Jiya da yamma Haladu ya kai masa. Bai gaishe ni ba ma, ya ce tana ina.

Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi sallama. Gwaggo ta amsa. Inna ta ji muryar, na ga yatsunta sun kama bakin zanen gado, sannan a hankali ta juya ta fuskanci bango. Na dubi Yaya. Fuskarsa ta yi wani iri, amma bai tashi ba. Ya shigo ya zauna a tabarma, ya fito da tsummokaran biyu daga cikin rigarsa ya ajiye a bakin gadon.

Gwaggo ta sulale wai za ta ɗora ruwa. Aka bar ni.

Can Inna ta ce, da muryar da sai ka kasa kunne, "Ma'u, tambayi mutumin nan ko ya ci abinci."

Na ce, "Yaya, wai ka ci abinci?"

Ya ce, "Ki ce mata na ci a Magarya."

Na ce, "Inna, wai ya ci a Magarya."

Ta ce, "Ki ce ya cire rigar nan, a jiƙe take."

Ta yaya ta san a jiƙe take, ita da ke kallon bango? Na buɗe baki zan maimaita, sai na fasa. Na miƙe na ce, "Wallahi na gaji! Ni ba wayar tarho ba ce. Kwana ashirin ina kai zance ina dawo da zance, ina ɓatawa a hanya. Ga ki ga shi, ɗakin nan taku huɗu ne. Wanda ke da magana ya faɗa da bakinsa!" Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai yau. Na fita na ja ƙofar, na je kicin na zauna kusa da Gwaggo.

Gwaggo ta ce ba ni da kunya. Na ce e, kunyar gidan nan an riga an rabe ta kafin a haife ni. Ta ƙara itace a wuta, ba ta ce in koma ba.

Har aka kira la'asar bai fito ba.

Laraba, 22 ga Yuli, da safe

Shi ke ɗiga mata ruwan yanzu. In na shiga sai su yi tsit, su biyun, kamar na kama su suna sata.

Alhamis, 23 ga Yuli, hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Jiya aka yi addu'ar uku. 'Yan Gwiwa da na Kanya Babba sun tafi, Yaya Shatu tana ciki tare da Gwaggo. Yaya ya ce sai ya yi arba'in. Ba wanda ya aika masa cewa ya koma bakin aiki.

Ɗazu na same shi a ƙofar ɗakinta. Tun ranar Litinin abin yake cina, na ce, "Yaya, don Allah, ta kira sunanka?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ko sau ɗaya? Har ta tafi?" Haushi ya sake kama ni, har da ita da ke kwance a ƙasa, Allah Ya yafe mini.

Ya ce, "Da kika fita mun daɗe ba wanda ya yi motsi. Sai ta juyo. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, 'Ka yi sanƙo irin na ubanka.'" Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ni ta gaya wa, Ma'u. Ba kowa a ɗakin. Ba ta aiko kowa ba."

Na ce shekara hamsin da ɗaya ana jira, abin da aka samu ke nan, sanƙo? Ya ce ya ishe shi.

Ya miƙo mini tsummokaran ya ce in haɗa masa su. Na ce ni ba tela ba ce, kuma ɗaya ya sha baƙin mai, ɗaya ya fi ɗaya koɗewa, ba za su yi kyau ba. Ya ce in ɗinka haka.

Allurar Inna na samu a adakarta, da zare a jiki. Yankan ya hau daidai. Sau uku ina warwarewa don ba na ganin ɗinkin da kyau.